Yadda Aka Jarraba Ni a Gindin Tsamiya, a Ƙasar Dungas

Tun ran da na komo daga ƙasar Faransi, wato wadda Faransawa suke mulki a arewa da mu, ban sami sukuni ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa, kafin gaisuwa ta ƙare sai ya ce, "To, Malam Dauda, yaya can ɗin take?" Na ba da labarin a zaure, na ba da shi a bakin majami'a, har na fara jin ana ƙara masa gishiri, wai an sare ni da takobi a kasuwar Dungas. Ba wanda ya sare ni. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta shi sau ɗaya, daidai yadda ya auku, domin ba na son magana ta yi ta yawo babu makiyayi.

Sai na fara da dalilin tafiyar, ko da yake ba abin alfahari ba ne a gare ni. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a makarantar mishan ɗin da ni kaina na yi karatu a cikinta, kuma yadda aka koya mini haka na koyar. Yaro ya miƙe tsaye, duga-dugai a haɗe, littafi a hannun hagu, ya ɗaga murya ya karanta ba tuntuɓe. In ya yi tuntuɓe, ga tsumagiya a kan tebur. A cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai wani Yusufu, mai in'ina. Shekara biyu ina fama da shi, bai taɓa kai ƙarshen layi ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Daga bisani na ɗauki jar tawada na rubuta a takardarsa, "Wannan yaro ba na karatu ba ne," aka sallame shi. Uwarsa mutuniyar Magarya ce, ta ɗauke shi ta kai shi wurin danginta. Shekara ashirin ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Bara da kaka, bayan na ajiye aiki, sai ga wasiƙa daga gare shi. Ya ce Faransawa sun saka shi makarantarsu, ya yi karatu har Damagaram, yanzu shi ne malami a wani ƙauye mai suna Rijiyar Tsamiya, a ƙasar Dungas. Dokar can ita ce ba a yin Hausa a cikin makaranta ko kalma ɗaya, shi kuwa yana da wata hanyar koyarwa wadda ba ta yiwuwa sai da Hausa. An yi masa gargaɗi sau biyu. Mai duba makarantu yana tafe, in ya same shi a karo na uku, aikinsa ya ƙare. A ƙarshe ya ce, "Malam, ban san mai tsanani kamarka ba. Ka zo ka duba da idonka. In ka ce in bari, zan bari."

Sau biyu na karanta wasiƙar. Na farkon, ina neman kuskure ne. Ban samu ba. Na ɗaure akwatina, na saka kwalbar jar tawada da tsumagiyata a ciki, domin a zatona abin da yaron yake bukata ke nan.

Jirgin ƙasa ya kai ni Kano. Daga nan na sami wuri a gaban wata motar gyaɗa mai komawa arewa ba kaya, direbanta ana ce da shi Ɗan Azumi, mutum mai surutu da cin goro. Muka bi ta Ɓaɓura. Muna ƙetare iyaka sai na ga ya karkatar da mota ya koma hannun dama, ga wata babbar mota tana tunkaro mu. Na dafe ƙofa na ce, "Kai, wannan wace irin hauka ce? Koma hannunka!"

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Baba, kwantar da ranka. Nan dama ita ce daidai. In na bi daidai ɗinku, yau a lahira za mu kwana."

Wannan ne karo na farko a tafiyar da aka gyara mini abin da na tabbata na sani.

Masu tsaron iyakarsu, waɗanda suke kira duwan, suka sa na buɗe akwati. Ɗayansu, wani dogo mai gajeren wando da jar hula, ya zaro tsumagiyar daga cikin tsumman da na naɗe ta, ya jujjuya ta, ya ce, "Jaki gare ka, Baba?" Na ce masa ni malamin makaranta ne. Ya dubi abokin aikinsa ya ce, "Rubuta: kayan aiki." Suka bushe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin.

Mun shiga Magarya da tsakar rana. Na nufi ofishin kumandan, wato Baturen mulkinsu, domin a buga mini hatimi a takardar wucewa, na tarar da ƙofa a rufe, mai gadi yana sharar barci a kan benci. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take kowa ya tafi gida ya kwanta, Bature da akawu da masinja, sai ta yi sanyi su komo. A wurinmu da an kira wannan lalaci. Amma da na zauna a gindin bango ina jin yadda yashin garin yake turiri, ban ƙara zargin kowa ba.

Na sauka a gidan wani bafataken gyaɗa, Alhaji Mamman, wanda rabin danginsa suke Daura. Da aka kira la'asar ya miƙo mini buta. Na gaya masa ni Kirista ne. Bai canza fuska ba, ya ce, "To, wanke ƙafa dai ba ta da addini," ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. An kawo mini tuwon gero da miyar kuka, da safe kuma wani burodi dogo, siriri, mai tauri, wanda da farko na ɗauka sandar tuƙa tuwo ce. Hausarsu irin tamu ce, sai dai makaranta lakwal suke ce mata, malaminta kuwa mushe. Na nuna wa Alhaji rashin dacewar wannan, sai ya ce, "Malam, ku kun aro ta Ingilishi, mu mun aro ta Faransi. Kowa da rigar aro a jikinsa, wa zai yi wa wani dariya?"

Daga Magarya babu mota. Alhaji ya haɗa ni da ayarin masu zuwa cin kasuwar Dungas, aka ɗora ni a kan takarkari, ni da ko doki ban taɓa hawa ba. Kwana biyu muka yi cikin yashi da gonakin gero da aka riga aka girbe. Mutanen ƙasar nan manoma ne, makiyaya ne kuma, kowane gida da rumbu da garke. A gidan da muka yada zango na ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Da sassafe wata tsohuwa tana aiken ɗanta, magidanci mai gemu, wurin masu kiwo a wata rijiya mai nisa. Ta gama faɗin saƙo, sai ta ce, "Faɗa mini." Ya faɗa, ba da kalmominta ba, da nasa. Ta ce, "In suka ce don me fa?" Ya ba ta amsa. Ta ce, "In ka tarar rijiyar ta ƙafe fa?" Ya sake ba ta amsa, sa'an nan ta sallame shi. Na tambayi madugunmu ko mutumin ba shi da cikakken hankali ne. Ya ce, "Shi ne ma mai hankalin gidan. Nan, Malam, saƙo in ya karkace a hanya, garke ne yake mutuwa da ƙishirwa."

Dab da Dungas takarkarin ya hango kwatarniyar ruwa, ya durƙusa ba sallama, ni da akwati muka zube. Kwalbar jar tawada ta fashe, ta jiƙa farar kwat ɗina, wadda ita kaɗai na taho da ita. Haka na shiga kasuwa, ƙirjina jajir, mata masu sayar da nono suna salati suna cewa, "Sannu, Baba! Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Asalin labarin takobi ke nan.

Yusufu ya tarye ni a bakin ƙauyensu. Ya zama dogon mutum, kamili. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce, "Ma-Malam, sannu da hanya." In'inar tana nan. Makarantar rumfar zana ce guda ɗaya, an kewaye filinta da darnin kara, a kusurwar filin daga ciki kuma ga wata ƙatuwar tsamiya, taki talatin daga bakin rumfar. A jikin ginshiƙi na ga an rataye muƙamuƙin jaki da igiya. Ya ce wannan shi ake rataya wa duk yaron da aka ji yana Hausa, ya yini da shi a wuya, haka doka ta ce. Na lura gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Ranar farko na zauna a bayan aji, raina kuwa ya ɓaci ƙwarai. Kafin a karanta komi sai Yusufu ya nuna wa yara hoton da ke shafin, ya sa kowa ya faɗi abin da yake tsammani zai faru, aji ya kaure da hayaniya. Da aka zo karatu, suna yi suna tsayawa, suna komawa baya, wani ma da yatsa a kan layi. Babu mai haɗe duga-dugai. Sa'an nan ya raba su biyu, rabi suka fita zuwa gindin tsamiya ba littafi, aka riƙa tura musu na ciki ɗaya bayan ɗaya, ina jiyo Hausa tana tashi kamar a kasuwa. Da aka tashi na ce masa, "Yusufu, wannan ba makaranta ba ce. Ka bari. Sauran kwanakin nan ka tsayar da yaran su iya karatu da murya, ko ka tsira da aikinka."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na yi alkawari, Malam, zan bari. A-amma ka duba daga cikin rumfa ne. Ina roƙo gobe ka duba daga gindin tsamiya."

Na yarda, domin ba na yanke hukunci a kan rabin shaida.

Kashegari aka shimfiɗa mini buzu a gindin itacen. Ku sani, ban san Faransanci ba ko kalma ɗaya. Can sai ga wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta fito daga rumfa, ana ce da ita Hajo, 'yar masu shanu ce. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, an aiko ni." A hannunta akwai igiya mai ƙulli uku. Ta kama na fari, ta gaya mini wanda labarin yake magana a kansa. Ta kama na biyu, ta faɗi abin da ya same shi. Ta kama na uku, ta faɗi dalili. Sa'an nan ta ce, "Tambaye ni." Na tambaye ta abu biyu ta amsa. Da na yi ta uku sai ta ce, "Wannan ya zube mini a hanya." Ba wanda ya tsawata mata. Da gudu ta koma rumfa, na hango ta ta duƙufa a kan littafi tana nema kamar mai neman allura a cikin yashi, ta komo da amsar tana haki.

A nan ne na gane abin da nake kallo. Aiken tsohuwar nan ne ya shigo makaranta. Littafi shi ne mai aike, yaro shi ne ɗan aike, ba a kuwa ce ya yi karatu sai saƙo ya isa hannun wanda bai ga littafin ba. Bayan haka na gindin tsamiya su suke shiga rumfa su amsa tambayoyin malami da Faransanci. In suka kasa, ɗan aiken ne zai koma. Kuma saƙon ba ya mutuwa a ranar: ana sake neman sa kashegari, a sake nema ran kasuwa, a sake nema in wata ya tsaya, igiyar kowa tana rataye a wuyansa. Na tambayi wani yaro labarin da aka karanta tun kafin girbi, ya shafa ƙullinsa ya kawo mini shi cif. Ni da na yi shekara talatin ina sauraron karatu mai daɗi kamar busar sarewa, ban taɓa tambayar yaro ko ɗaya abin da ya ɗauko daga ciki ba.

Na tambayi Yusufu inda ya samo wannan. Ya ce, "A wurinka, Malam. A ajinka ina ga-gane duk abin da ke shafin, bakina ne ba ya fitar da shi. Na kusa da ni bakinsa yana fitarwa, shi kuwa bai san abin da ya faɗa ba." Bai faɗi haka da zargi ba. Da ya zarge ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku na yi a gindin tsamiyar nan, ban ce a bari ba, ban ce a ci gaba ba. A rana ta uku da hantsi, ina zaune yara sun kewaye ni, Hausa tana tashi, sai muka ji ƙugin mota. Mai duba makarantu ne, ya riga ranar da aka sa. Bature ne siriri mai tabarau, tare da tafintansa. Ya tsaya a bakin darni ya saurara, fuskarsa ta yi ja. Ya kira Yusufu ya yi masa tambaya cikin faɗa. Yusufu ya buɗe baki, harshensa ya sarƙe. Ya sake gwadawa, ya sake sarƙewa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, daidai yadda take tashi a gabana shekara ashirin da suka wuce. Baturen ya zaro alƙalami.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tafi gabansa da jar kwat ɗina, na ce wa tafinta, "Gaya masa ni tsohon malami ne daga ƙasar Ingilishi, ban san harshensa ba. Ya ba duk yaron da ya ga dama littafin da ba su taɓa gani ba. Yaron ya karanta, ya zo ya same ni a can. Sa'an nan ni za a jarraba."

Baturen ya dube ni daga sama har ƙasa. Ina tsammani tawadar ce ta sa ya saurare ni. Ya ɗauko wani littafi daga jakarsa, ya nuna Hajo, watakila don ita ce ƙarama. Ni na koma gindin tsamiya, ita kuwa ta karanta a hankali, sau biyu, tana ƙulla igiyarta. Sa'an nan ta tako taki talatin ɗin nan ta durƙusa.

"Kaka, an aiko ni. Wani makiyayin tumaki ne a ƙasar duwatsu. Sanyi ya yi sanyi har ruwan sama ya daskare, yana zubowa fari kamar auduga, ya rufe hanya. Ya kora tumakin cikin kogo, ya bar karensa a bakin kogon, shi ya gangara gari neman mutane. Bai tafi da su ba don masu ciki ba za su iya gangarar ba. Tambaye ni."

Na yi mata tambaya ɗaya tak, tafinta ya kira ni.

Na tsaya a gaban aji, na ga duga-dugaina sun haɗe da kansu. Baturen ya tambaya wa ake magana a kansa, na faɗa. Me ya tare hanya, na faɗa. Wa ya tsare kogon, don me ba a tafi da tumakin ba, duk na faɗa. Ya cire tabarau ya goge. Sa'an nan ya ce, "Tumakin nawa ne?"

Ban sani ba. Ko yarinyar ce ta zubar a hanya, ko ni ne na kasa tambaya. Zuciyata ta ce in faɗi wani adadi, ko Allah ya sa a dace. Na dubi Yusufu, aikinsa yana rataye a bakina. Tun da na fara koyarwa ban taɓa furta kalmomin nan a gaban yara ba, amma na furta su. Na ce, "Ban sani ba. Ba a gaya mini ba."

Baturen ya juya ga Hajo. Ta miƙe ta yi magana da Faransanci, tana tsayawa tana neman kalma, tafinta yana mayar mini a kunne: "Ta ce littafin bai faɗa ba. Ta ce don shi ta karanta sau biyu, domin ba ta taɓa ganin makiyayin da zai bar dabbobi bai ƙirga su ba. Ta ce wanda ya rubuta, da gani bai taɓa kiwo ba."

Sai dariya ta ƙwace wa Baturen. Tafinta ya raɗa mini cewa tarkon nan maigidansa ya ɗana shi a makarantu da yawa, ko'ina sai yara su ƙago adadi don tsoro. Ya jarraba wasu yara huɗu ta hanyar nan, da kansa yake bin su zuwa gindin tsamiya yana kallo. Daga ƙarshe ya rufe littafinsa ya ce doka doka ce, ba a yin Hausa a cikin filin makaranta, ba shi kuwa da ikon sauya ta. Sa'an nan ya dubi itacen, wanda kowa yake gani a cikin darni, ya ce a ganinsa tsamiyar nan a wajen makaranta take, abin da ake faɗi a waje kuwa ba ruwansa. Ya sa hannu a takardar Yusufu, ya shiga mota.

Ni ban gane ba sai da na ga mai gari ya kira magidanta. Kafin la'asar sun tumɓuke darnin kusurwar nan sun kafa shi ta gaban itacen. Tsamiya ta koma waje ba tare da ta motsa ba.

Ran da zan taso Yusufu ya rako ni har bakin rijiya. Na yi niyyar in yi masa dogon jawabi, na shirya shi tsaf, amma abin da ya fito shi ne, "Abin da na rubuta a takardarka kuskure ne." Ya ce, "Ma-Malam, ai tawadar ta zube." Tsumagiyar kuwa na bar wa madugu, shi da yake da jaki.

Da na iso gida ban huta ba sai da na tafi tsohuwar makarantarmu. Na roƙi malamin da ya gaje ni ya ba ni wanda ya fi kowa iya karatu. Yaron ya miƙe, duga-dugai a haɗe, littafi a hagu, ya karanta shafi guda ba tuntuɓe ko ɗaya, yadda na koya wa malaminsa. Na fita na zauna a gindin mangwaron bakin aji, na ce a rufe littafin a aiko mini shi. Ya tako, ya tsaya a gabana. Na ce, "Me aka aiko ka da shi?" Ya buɗe baki, ya rufe. Idonsa ya ciko, ya miƙo mini tafin hannunsa yana jiran duka.

Na kama hannun na naɗe masa shi. Na ce, "Ba kai ka zubar ba, ɗana. Koma ka duba. Ina nan ina jira."